Noman da ba a kai wa rumbu: yadda mafarautan Amurka ke yi wa barewa gona

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, a jihohin Amurka irin su Alabama, Jojiya, Mishigan da Wiskonsin, mutane da yawa kan shiga daji da tarakta da buhunan taki, su gyara 'yan filaye, su shuka alkama da wake da dangin kabeji, alhali sun san ko ƙwaya ɗaya ba za su kai gida ba. Barewa suke yi wa noman. Burinsu biyu ne: dabbar ta samu abinci mai gina jiki a watannin da daji ke ƙarancinsa, kuma ta saba da zuwa wurin da rana tsaka, yadda idan lokacin farauta ya zo za a same ta.

Sunan barewa a nan aro ne. Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya ta Arewacin Amurka, kuma ta bambanta da barewar da aka sani a Sahel. Ƙahon namijinta reshe-reshe ne, ƙashi ne zalla, kuma duk shekara yake zubar da shi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya fara tohowa a Afrilu ya kammala wajen ƙarshen Agusta. Wajen shekarar 1900 farauta ba ƙa'ida ta kusa ƙarar da ita, har ta ragu zuwa abin da bai wuce rabin miliyan ba. Dokokin farauta da kuɗin harajin bindigogi da harsasai da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa kula da namun daji ne suka farfaɗo da ita, yanzu ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. A gabashin ƙasar yawancin daji mallakar mutane ne, wasu nasu ne, wasu haya suke biya don farauta, don haka kowa na son bareyin unguwar su fi zama a nasa filin fiye da na maƙwabci.

Harkar ta zama kasuwa sosai daga 1988. A shekarar ne Ray Scott ya kafa kamfanin Whitetail Institute a Alabama ya fara sayar da irin kuloba, wata gajeriyar shukar kiwo dangin wake, da aka tanada musamman don barewa, kuma a shekarar ce Joe Hamilton ya kafa QDMA, ƙungiyar masu kula da barewa da farautarta, a Karolina ta Kudu, wadda a 2020 ta haɗe da wata ta koma National Deer Association. Tun daga nan shaguna suka cika da buhunan iri masu hoton ƙaton namiji mai ƙahoni kamar reshen kuka. Sabon shiga da buhun yake farawa, kuma a nan yawanci yake faɗuwa. Iri shi ne abu mafi arha a aikin, kuma shi ne na ƙarshe da ya kamata a yi tunani a kai. Ƙasa da yawan bakunan da za su ci su ne ke yanke hukunci.

Cikin barewa ba na saniya ba ne

Barewa tana tuƙa kamar saniya, amma tumbinta ƙarami ne, abinci ba ya daɗewa a ciki. Saniya za ta cika ciki da busasshiyar ciyawa ta narkar da ita a hankali. Barewa ba ta da wannan damar. Tsince take yi: sabon toho, ganye mai laushi, ciyayi masu faɗin ganye, 'ya'yan itace. Wanda ya shuka mata ciyawar kiwon shanu mai kauri zai samu fili kore shar, ya ɗauki hoto, amma barewa za ta ratsa ta ciki ta wuce. A rana babbar barewa kan ci busasshen nauyin abinci kimanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda a ɗanyen ganye ya ninka haka sau da yawa. Don ta rayu kawai, furotin kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ya isa. Don ƙaho ya girma yadda ya kamata, mace kuma ta shayar da tagwaye, ana neman kusan kashi 16.

Akwai giɓi biyu a shekara. Na farko ƙarshen zafi ne, Yuli zuwa Satumba, musamman a jihohin kudu: ganyen daji ya tsufa ya yi tauri, furotin ɗinsa ya sauka, alhali matan da suka haihu a Mayu da Yuni suna tsakiyar shayarwa, maza kuma suna ƙarasa ƙaho. Na biyu ƙarshen sanyi ne, Janairu zuwa Maris, wanda ya fi tsanani a arewa. Maza sun fito daga barbarar Nuwamba a rame, wani ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ko fiye, ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Gonar da ta yi kyau a Oktoba kaɗai ta yi wa mafarauci aiki, amma ba ta rufe ko ɗaya daga giɓin nan ba.

Shi ya sa masu aikin ke raba gonakin gida biyu. Akwai gonar ciyarwa, eka biyu zuwa biyar ko fiye, a tsakiyar fili, wadda ba a cika damun ta da harbi ba. Akwai kuma gonar kwanto, rubu'in eka zuwa rabi, a ɓoye kusa da sarƙaƙiyar da bareyi ke kwanciya, inda suke tsayawa su ɗan taɓa kafin duhu a kan hanyarsu ta zuwa babbar gona. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce gonakin su kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na duka filin. Mai eka 100 ke nan yana neman eka uku zuwa biyar.

Wurin da za a zaɓa sai ya samu rana ta aƙalla awa huɗu zuwa shida. Wannan ne ke kashe yawancin gonakin da ake yi a kan tsoffin hanyoyin masu yankan katako: a watan Maris, bishiyoyi ba ganye, wurin kamar fili, zuwa Yuni inuwa ta rufe shi. Saiwoyin manyan bishiyoyin gefe ma suna shanye ruwa da taki har 'yan mitoci cikin gona, don haka siririyar gona rabinta na bishiyoyi ne. A guji kwarin da ruwa ke kwanciya, a guji gangaren da ruwa zai wanke iri, a kuma nisanci titi da iyakar maƙwabci, don gonar da ake hangowa daga mota gayyata ce ga masu harbin dare.

Tsamin ƙasa

Nan ne ya kamata a daɗe. Ƙasar dajin gabashin Amurka, musamman ƙarƙashin itatuwan fain na kudu, tsami gare ta. A ma'aunin pH ana yawan samun 4.5 zuwa 5.5, alhali yawancin abin da ake shuka wa barewa yana son 6.0 zuwa 7.0, kuloba ta fi jin daɗi wajen 6.5. Tazarar tana da kamar kaɗan a ido, amma ma'aunin ninki goma yake tafiya: ƙasa mai 5.0 ta fi mai 6.0 tsami sau goma, ta fi mai 7.0 sau ɗari. Idan tsami ya yi yawa, alminiyam da ƙarfen da ke cikin ƙasa suna ɗaure sinadarin fosfaras yadda saiwa ba za ta iya sha ba, alminiyam ɗin kansa yana ƙona bakin saiwa, ƙwayoyin halittar da ke taimaka wa dangin wake samar da naitrojin kuma su yi rauni. Mutum zai zuba takin dala ɗari biyu, shuka ta amfana da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya koma yana zagin kamfanin iri.

Gwajin ba wuya. Ana zagaya gonar a ɗebi ƙasa a wurare 10 zuwa 15, zurfin santimita 10 zuwa 15, a gauraya a bokitin roba mai tsabta, a ɗebi kimanin rabin kilo a aika wa ɗakin gwajin jami'ar jiha. Kuɗinsa bai cika wuce dala 10 zuwa 20 ba. A rubuta abin da za a shuka, domin shawarar takin kuloba daban take da ta alkama. Kowace gona da nata samfurin. Filaye biyu masu tazarar mita ɗari suna iya bambanta sosai.

Maganin tsami garin dutsen farar ƙasa ne, kuma da yawa ake zuba shi: tan ɗaya zuwa uku a kowace eka ba baƙon abu ba ne a sabuwar gona. Wanda ya sayi buhu biyar ya watsa a eka guda ya yi wa kansa daɗin baki ne kawai. Garin da ake kawowa a tifa ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar motar watsawa da hanyar da za ta bi. Wanda aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya ya fi tsada amma ana iya watsa shi da ƙaramin inji, shi ya sa ya zama na gonakin lungu. Kowanne aka zaɓa, yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya yi aiki sosai, kuma idan an bar shi a saman ƙasa a hankali yake nutsawa. Mai son shuka a Agusta, tun Fabrairu ko Maris ya kamata ya zuba, ya bi da haro. Idan kuɗi bai isa a sayi taki da farar ƙasa duka ba, a sayi farar ƙasa.

Kashe ciyawa da gyaran ƙasa

Hanyar da aka saba ita ce a yanke ciyawar wurin, a bar ta ta sake toho na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a fesa maganin gilaifoset mai ƙarfin kashi 41, lita ɗaya zuwa biyu a eka. Maganin ta ganye mai rai yake shiga, don haka feshi a kan ciyawar da fari ya ƙona ko wadda aka yanke jiya asarar kuɗi ne. Bayan kwana 10 zuwa 14 ciyawar ta mutu, sai a bi da haro. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yawan haro. Kowane juyi yana fito da irin ciyawar da ya daɗe a binne, yana kuma busar da danshin da ake lallaɓawa a watan Agusta. Wasu kan yi haro, su jira ciyawa ta tsiro, su sake feshi, sannan su shuka ba tare da sun ƙara taɓa ƙasar ba. Yana cin mako uku, amma gonar tana fita da tsabta.

Akwai masu barin haro gaba ɗaya. Sukan fesa magani, su yafa iri a cikin ciyawar tana tsaye, sannan su yanke ta ko su danne ta da rola ta kwanta a kan irin kamar bargo. Tana riƙe danshi, tana hana tsuntsaye tsincewa. Masanin namun daji Grant Woods na Mizuri ya yi suna da irin wannan tsari, inda ake shuka waken suya cikin hatsin da ya tsaya tun sanyi a kuma murƙushe hatsin a kansa. Ga ƙasa mai yashi ko dutse, wannan ya fi haro hankali. Sharaɗinsa a ƙara yawan iri da kamar rubu'i, kuma a yi shi gab da ruwan sama.

Me za a shuka

Kuloba mai farin fure, musamman nau'in ladino, ita ce ƙashin bayan harkar. Danginsu ɗaya da wake, furotin ɗinta ya haura kashi 20, kuma idan an kula da ita tana shekara uku zuwa biyar ba a sake shukawa ba. Kilo biyu zuwa biyu da rabi ya ishi eka, saboda kilo ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Rauninta jinkiri: shekarar farko saiwa take yi, don haka ake haɗa ta da alkama ko hatsin rai su ba barewa abin ci, su kuma kare ta. A arewa akwai dabarar yafa ta a Fabrairu ko Maris a kan ƙasar da ke daskarewa da dare tana narkewa da rana. Buɗewa da rufewar ƙasar ne ke binne irin.

Hatsin rai ɗan uwan alkama ne, kuma shi ne mai rufa wa mutum asiri. Yana jure tsamin ƙasa, yana tsirowa a sanyin da sauran suka daina, ana cinsa yana sake tohowa, shi ne kuma farkon korewa bayan dusar ƙanƙara. Ana yafa kilo 45 zuwa 65 a eka. Alkama da ots kilo 45 zuwa 55. Barewa ta fi son ots da fari, amma tsananin sanyin arewa na kashe shi. A nan akwai tarko: wata ciyawa mai kama da sunan hatsin rai, wadda ake kira raigiras, tana cika buhunan arha masu alkawarin "watsa ka tafi". Tana tsirowa ko a kan dutse, barewa ba ta damu da ita sosai ba, kuma idan ta zubar da iri sau ɗaya za a shekara da shekaru ana yaƙi da ita.

Dangin kabeji, wato tanif, radish da ref, su ne masu tara abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, ganye a sama, a wasu kuma dunƙulen saiwa a ƙasa da barewa ke tonowa cikin dusar ƙanƙara. Tanif kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a eka, radish huɗu zuwa biyar. Mutum ya dubi abin da bai cika kwano ba a ce na eka guda ne, zuciyarsa ta ƙi yarda, ya ninka. Sakamakon shi ne shuka cunkus, kowace tana ƙwace wa 'yar uwarta, ganye ya yi ja ko rawaya a tsawon tafin hannu, ba saiwar kirki. Maganinsa a raba irin biyu, a gauraya da yashi ko ƙwayar farar ƙasa, a ratsa gonar da rabi daga gabas zuwa yamma, sauran rabin daga kudu zuwa arewa. Kada a maimaita dangin kabeji a wuri ɗaya fiye da shekara biyu a jere, saboda cututtukan saiwa na taruwa a ƙasa. Ana yawan cewa barewa ba ta cin su sai raɓa ta daskare ta sa ganyen ya yi zaƙi. Sanyi na ƙara sukari a ganyen, gaskiya ne, amma lokacin ne kuma sauran abinci ke ƙarewa, kuma a wuraren da bareyi suka saba da radish tun Satumba suke cinye shi. A wasu wuraren sai sun shekara biyu kafin su gane abinci ne.

Na lokacin zafi su ne waken suya, kilo 27 zuwa 36 a eka, da wake irin namu, wanda asalinsa daga Afirka aka kai shi can, kilo 25 zuwa 35, sai lablab, wani wake mai yaɗo. Ana shuka su idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 15 zuwa 18, wajen Mayu. Waken suya ya fi kowa farin jini a wurin barewa: ganye a lokacin zafi, ƙwaya a lokacin sanyi. Farin jinin ne kuma ke kashe shi. Idan aka cije tsiron ƙasa da ganyensa biyu na farko, ya mutu ke nan, kuma bareyi goma za su share eka guda cikin 'yan kwanaki. A inda suke da yawa, gonar waken suya da ba ta kai eka biyu ko uku ba, ba shinge, sadaka ce ta mako guda. Wake mai yaɗo ya fi jure ci idan ya samu ya kafu.

Takardar da ke manne a bayan buhu ta fi hoton gabansa amfani. Doka ta tilasta a rubuta nau'in iri, kason kowanne, yawan wanda zai tsiro, da ranar gwaji. Irin kuloba sau da yawa an lulluɓe shi da wani shafi da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na nauyin buhun, wani lokaci har rabi. Lissafin shi ne a ninka kason iri zalla da kason tsiro. Idan iri zalla kashi 65 ne, tsiro kashi 85, abin da ke da rai kashi 55 ne kacal. Mai buƙatar kilo biyu da rabi sai ya yafa kusan huɗu da rabi. Shafin ba yaudara ba ne gaba ɗaya, domin yawanci yana ɗauke da ƙwayoyin raizobiyam da ke kafa ƙulli a saiwar dangin wake su jawo naitrojin daga iska. Irin da bai zo da su ba sai a saya daban a gauraya, kuma kowane dangi da nasa: na kuloba ba ya yi wa waken suya aiki. Ƙwayoyin masu rai ne, buhun da ya wuni a bayan mota cikin rana ya rasa su.

Zurfi, lokaci da taki

Ƙaramin iri, kuloba da dangin kabeji, bai kamata ya wuce rabin santimita a ƙasa ba. Wanda ya yafa shi sannan ya bi da haro ya binne kuɗinsa. Tsiron ba shi da ƙarfin fitowa daga zurfin yatsa. Tsarin shi ne a danne ƙasa da rola, a yafa, a sake dannewa. Ma'aunin da manoma ke amfani da shi: idan ka taka, sawun takalminka kada ya nutse fiye da santimita ɗaya zuwa biyu. Hatsi da wake kuwa santimita biyu da rabi zuwa huɗu. Idan gauraye ne, a fara da manyan a rufe su, a danne, sannan ƙanana a sama.

Lokacin shukar kaka daga ranar da raɓa ke fara daskarewa ake ƙirga shi baya. Dangin kabeji na son kwana 60 zuwa 90 kafin ranar, hatsi kwana 30 zuwa 45. A Mishigan da Wiskonsin hakan na nufin ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta ga tanif, farkon Satumba ga hatsi. A Alabama da Misisipi sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. 'Yan kudu masu gaggawa suna haɗuwa da abu biyu: fari a watan Satumba, inda ɗan yayyafi ke sa iri ya tsiro sannan rana ta ƙona shi, da tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Cikin kwana biyu ko uku takan mayar da koriyar gonar alkama fili. Hatsin da aka shuka da wuri kuma yakan yi tsawo ya yi tauri kafin farauta ta buɗe, barewa kuwa ta fi son sa yana ɗan toho.

Taki sakamakon gwaji ne ke faɗar sa, amma akwai ƙa'ida. Kuloba da wake suna samar wa kansu naitrojin, don haka ana ba su taki irin 0-20-20, wanda babu naitrojin a cikinsa, kimanin kilo 135 a eka. A zuba musu yuriya ciyawa kawai aka ciyar. Dangin kabeji da hatsi mayunwatan naitrojin ne: kamfa irin 19-19-19 kamar kilo 135 lokacin shuka, sannan yuriya kilo 45 bayan mako uku zuwa huɗu. Yuriya a zuba ta gab da ruwa, ganye a bushe. Idan ta kwana da kwanaki a saman ƙasa cikin zafi, wani kaso nata iska ke tafiya da shi.

Kulobar da ta kafu tana buƙatar yanka sau biyu ko uku a shekara, idan ta kai santimita 25 zuwa 30 a mayar da ita 15, amma ban da lokacin fari. Ciyawa mai siririn ganye ana kashe ta da kiletodim, mai faɗin ganye da 2,4-DB. A lura da harafin ƙarshe: 2,4-D, wanda ba shi da B, kulobar kanta yake kashewa, kuma an yi asarar gonaki da yawa a kan wannan harafi ɗaya.

Kejin da ke faɗar gaskiya

Gona ta ƙi tashi, mai ita na tsaye yana tunanin ko iri ne, ko taki, ko ruwa. Abin da zai raba gardama bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. A samo ragar waya mai tsawon mita uku da tsayin mita ɗaya da ɗan wani abu, a naɗe ta ta zama da'ira mai faɗin kusan mita ɗaya, a kafe ta da turaku a tsakiyar gonar ranar shuka. Bayan wata ɗaya a duba. Idan ciki da waje duk sun tsumbure, matsalar ƙasa ce ko ruwa. Idan ciki da waje duk sun yi tsawo daidai, bareyi ba sa ci. Idan ciki ya kai gwiwa waje kuma kamar an aske, gonar lafiyarta ƙalau, bakuna ne suka fi ƙarfinta.

Na ukun shi aka fi samu, kuma mafitarsa uku: a faɗaɗa gona, a yi shinge, ko a rage bareyi. Shingen da ya yi suna na lantarki ne mai layi biyu. Na waje zare ɗaya ne mai faɗi a tsayin kusan santimita 45, na ciki waya biyu a kusan santimita 25 da 60, tsakanin layukan mita ɗaya. Barewa na iya tsallake abin da ya ninka wannan tsayi, amma idanunta a gefen kai suke, ba ta iya auna zurfin tazara da kyau, sai ta yi shakkar tsalle. A kunna wutar tun ranar da aka kafa shi. Idan ta taɓa shi babu wuta sau ɗaya, ta raina shi ke nan. Rage yawa kuwa yana nufin harbin mata bisa adadin da hukumar jiha ta yarda, abin da tsofaffin mafarauta da dama har yanzu ba sa so, duk da cewa shi ne mafi arha cikin ukun.

Game da manyan ƙahoni da hoton buhu ke alkawari, shekaru ne kan gaba: namiji ba ya kai ƙarshen girman ƙahonsa sai ya shekara biyar zuwa shida, kuma babu kulobar da za ta taimaki wanda aka harbe yana da shekara ɗaya da rabi. Abinci na da tasiri, amma a hankali. Masu bincike a Jami'ar Jihar Misisipi sun kamo bareyi daga yankuna uku na jihar masu bambancin ƙarfin ƙasa, suka ciyar da su abinci iri ɗaya mai furotin sosai. 'Ya'yan farko sun ci gaba da nuna bambancin yankunansu. Sai a jikoki tazarar ta ragu ƙwarai. Wato abin da uwa ta ci yana bin ɗanta, kuma amfanin gonar bana ba a ƙahon bana zai fito duka ba. Namiji ɗaya kuma yakan yi yawo a ɗaruruwan eka, gonar eka guda ɗan yanki ce ta abincinsa. Sassabe dajin da ya rufe don rana ta kai ƙasa, da ƙona shi bisa tsari, yakan samar da abinci a eka da yawa a farashin da gona ba za ta iya ba. Craig Harper na Jami'ar Tenesi ya daɗe yana nanata wannan.

Gona mai kyau ma tana iya zama kufai da rana idan an matsa mata. Barewa da hanci take rayuwa. Mafaraucin da ya ratsa gonar zuwa maɓoyarsa, ko ya zauna iska na kai warinsa wurin kwanciyarsu, ko ya sauko da magariba suna cikin ci, sau biyu ko uku ya isa su koma zuwa sai dare. Hanyar shiga da fita ana tsara ta tun kafin a zaɓi wurin gonar, kuma ranar da iska ba ta dace ba a haƙura. A Oktoba kuma idan manyan itatuwan daji da ake kira ok suka fara zubar da 'ya'yansu da barewa ke so, bareyi kan yi watsi da gona na makonni. Ba laifin gonar ba ne, za su dawo.

Sai doka. Jihohi da yawa sun bambanta shukar da ta tsiro a wurin da tsibin masarar da aka zuba. Ta farko halal ce kusan ko'ina a filin mutum, ta biyu haramun ce a wasu jihohi. Babban dalili shi ne cutar nan mai ramar da barewa tana lalata ƙwaƙwalwarta, CWD, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta bayyana a bareyin dajin Wiskonsin a 2002. Ba ta da magani, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, kuma abin da ke haddasa ta yana daɗewa a ƙasa shekaru. Saboda ita Mishigan ta hana zuba abinci a yankinta na kudu daga 2019, amma ta bar gonaki, bisa hujjar cewa eka guda na warwatsa dabbobi, tsibi kuwa na haɗa bakuna a wuri ɗaya. Hujjar na raguwa gwargwadon ƙanƙantar gona: rubu'in ekar da aka cinye har ƙasa, bareyi ashirin na lasar wuri ɗaya kowane dare, ba ta da nisa da tsibin. A filin gwamnati kuwa yawanci ba a yarda mutum ya yi shuka ko feshi ba sai da izini, kuma dokokin kan sauya daga shekara zuwa shekara, har daga gunduma zuwa gunduma, don haka littafin ƙa'idojin farauta na shekarar ake dubawa kafin a sayi ko buhu ɗaya.